Muryar da Ta Rage a Sashen Rini

Da hantsi hayaƙi ya turnuƙe sashen rini na masaƙar. Wani marini ya ruga ya ɗaga jar wayar gaggawa da ke jikin bango, ya yi ta “Halo! Halo!” Shiru kamar an shiga rijiya. Da hannu suka kashe wutar, shi kuwa ya ƙone har gwiwar hannu. Manaja ya ce zagon ƙasa ne, ya kira 'yan sanda.

Sufeto ta iso da azahar. Mace ce marar son dogon turanci, don haka ta tsare injiniyan da aka ɗauko ya sabunta na'urorin.

“Yi mini bayani kamar kana yi wa kakarka.”

“Ranki ya daɗe, kowane gini yana da akwati mai kula da lasifikoki da jar waya. Wayar faiba ce, mai zaren gilashi, ta haɗa su, ta zagayo kamar zobe. In ta katse a wuri guda, magana sai ta bi ta ɗaya ɓangaren. Sai an raba akwati da zoben hagu da dama kafin ya kurmance.”

“Ba wanda ya lura?”

“Jiya muna tura sabuwar manhaja, allon ɗakin kula duk ja ne. Wa zai ga ja a cikin ja?”

“Me ka ƙaru da shi in sashen ya mutu?”

“Ni? Sunana ne ya ɓaci, wallahi.”

Ta yarda da shi. Mai son a yaba aikinsa ba ya yanke wa kansa ƙafa.

Aka buɗe mata akwatin. Ba yanka, ba cizon ɓera. An zare wayoyin biyu a hankali, an naɗe su, an rufe bakin kowace da ɗan murfin roba. Ta daɗe tana kallon murafun nan.

Mai gadi ne na biyu da ta tsare, don makullin ginin yana hannunsa.

“Ni da ko rediyona ya lalace sai na kai wa Baba Waya? Haba, ranki ya daɗe!”

“Wane ne Baba Waya?”

“Tsohon mai gyaranmu. Ango muke kiransa don tsiya. Duk ranar gwaji zai zo ya tsaya ƙarƙashin lasifikar can. Muryar ta ce, ‘Wannan gwaji ne, ku kwantar da hankalinku,’ shi kuma ya ce, ‘Na ji ki.’ Mu yi ta dariya.”

“Muryar wace ce?”

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

“Matarsa ce. Ita ke ɗakin kula a da, muryarta aka naɗa. Ta rasu bara, Allah ya ji ƙanta.”

Sufeto ta koma wurin injiniya da tambaya ɗaya: sabuwar manhajar tana taɓa murya? Ya ce ƙwarai, tana shafe tsohuwar ta sa sabuwa a duk akwatin da ke kan zoben.

Ta sami Baba Waya a ɗan ɗakin aikinsa, yana goge kan wata waya da tsumma. Gefensa gwangwanin madara ne cike da murafun roba.

“Baba, sannu da aiki.”

“Yauwa, 'yata.”

Ta zauna a kan benci, ba ta ɗaga murya ba.

“Ɓarawo yanka yake yi, kuma ba abin da zai ci a faiba, ba tagulla a ciki. Mai mugunta fizgewa zai yi ya gudu. Wanda ya yi wannan ya san sai an cire biyu. Ya san ranar da allo zai yi ja. Sannan ya tsaya ya sa murfi don kada ƙura ta shiga. Mutum ne da bai so komai ya lalace ba, so yake wani abu ya tsira.”

Tsohon ya ajiye tsumman.

“Ko hotonta mai kyau ba ni da shi. Muryar nan ce kaɗai. Jiya ina ji suna shafe ta gini bayan gini, ɗinki, saƙa, sito. Na ce bari in ɓoye ta a sashen rini kwana biyu, in san dabara. Kewarta nake yi, 'yata. Kullum kewarta nake yi.”

“Me ya hana ka roƙi injiniya ya kwafe maka?”

“In ce masa me? Tsoho da furfura yana hira da lasifika? Dariyar da ake yi mini ma ta isa.” Ya sunkuyar da kai. “Hannun bawan Allahn nan fa?”

“Zai warke, amma da tabo. Ya kira, Baba. Ba wanda ya amsa.”

Nan ne ya fashe da kuka. Matarsa da ta yi rayuwarta tana amsa wayar nan, ya ce, shi ne ya toshe ta da sunanta.

Sufeto ta ji tausayinsa har cikin ranta, amma ta gaya masa gaskiya: zai bi ta ofis, kuma kafin nan sai zoben ya haɗu. Suka taka zuwa sashen rini. Ta ce injiniya ya kwafe muryar tukuna, sannan ya kunna ta sau ɗaya.

Lasifikar ta yi ɗan tari. Murya mai sanyi ta cika ginin da ke warin ƙauri: “Wannan gwaji ne, ku kwantar da hankalinku.”

“Na ji ki,” in ji Baba Waya. Ba wanda ya yi dariya.

Da hannunsa ya cire murafun, ya goge bakin wayoyin, ya mayar da ta hagu. A kan ta dama ya ɗan tsaya, sannan ya danna ta. Fitilun akwatin suka koma kore. Ya ɗaga jar wayar, aka amsa daga ɗakin kula nan take.

Injiniya ya sake gwaji. Wata baƙuwar murya ta faɗi kalmomin nan dai. Baba Waya ya buɗe baki bisa sabo, ya rufe, ya miƙa wa Sufeto makullin akwatin.