Abin da Murja Ta Faɗa a Kotu

Zuliha na zaune a bencin baya na kotun majistare lokacin da Mudassiru ya shigo. Farar shaddar da ta fi so ce a jikinsa. Ya waiwayo ya yi mata murmushin nan da ya sa ta toshe kunnenta ga maganar kowa a gidansu.

Bikinsu ya kusa, har an kawo lefe. Tsohuwar matarsa, Murja, ita ta kai ƙararsa kan duka da bibiya da tsoratarwa. Shi kuwa ya rantse wa Zuliha sharri ne, baƙin cikin sabon aurensa ne ke cin matar. Ta yarda. Yayanta Maharazu ya ce in ta taka kotun nan babu shi babu ita, amma ta yafa mayafi ta hau mota zuwa Kura.

Ta zo ne don ta ga maƙaryaciya.

Sai ta ga wata siririyar mace mai sanyin murya, hannunta na hagu ba ya miƙewa sosai.

Murja ba ta yi kuka ba. Ta faɗi yadda ya karya mata hannu don ta gaisa da mai awon shinkafa. Bayan saki ta koma gidan iyayenta a Garun Mallam, ta kama aikin tsinkar tumatir, amma duk sanda ta ɗago kai sai ta hango babur ɗinsa a kan gadar ruwa. Ta canja layin waya, ya samo sabon. Ta canja gona, ya riga ta zuwa.

Lauya ya tambaye ta ko tun farko haka yake.

"Haka yake," ta ce. "Ni ce ban gane ba. Sai ya kira ni ya faɗa mini kalar mayafin da na sa zuwa kasuwa, alhali ban gan shi ba. Daɗi nake ji. Na ɗauka so ne."

Zuliha ba ta motsa ba.



Ranar kasuwar Bunkure ta faɗo mata a rai, da Mudassiru ya kira ta yana cewa shuɗi ya yi mata kyau, amma me ya tsayar da ita wurin mai takalma? Har ƙawayenta ta ba labarin tana dariya. Sai kuma ranar da ya matse mata hannu har awarwaronta ya lanƙwashe, washegari ya aiko da sababbi.

Alƙali ya ɗage shari'ar. A waje Mudassiru ya tarar da ita a inuwar darbejiya, yana ta yi mata godiya, yana cewa ta dai ji irin ƙaryar da ake shirya masa.

"Hasken idona," ya ce a hankali, "wane ne wanda ya matsa miki kika zauna a mota ɗazu?"

Ta dube shi.

"A ina kake lokacin?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai ba zan bar ki ke kaɗai ba, Zuliha. Har abada."

Ta gyaɗa kai kawai. Ya ce zai kai ta gida, ta ce za ta biya wajen gwaggonta.

A mota ta bi gonakin shinkafa da kallo, kore shar har iya ganinta. Ta jira hawaye su zo. Ba su zo ba.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana baza turararriyar shinkafa a kan tabarma. Ta tsuguna kusa da ita, ta sa hannu tana taya ta.

"Inna, a mayar musu da lefensu. Kuma ki ce wa Yaya ya riƙa raka ni in zan fita."

Inna ta dakata da baza shinkafar.

"Kin daina son sa ne?"

"Ina son sa."

"To dukan ki ya yi?"

Zuliha ta ci gaba da baza shinkafar, zafinta na ratsa tafin hannunta.

"Tukuna," ta ce.