Ranar da Inna A'i Ta Tafi Faɗa Asibiti

Bushira na tsakar gida tana yanka albasa, sai ga surukarta Inna A'i ta fito daga ɗaki da wata takardar asibiti ta Bushira a hannu. Kwananta biyu ke nan da zuwa Jega daga Gumbin Kure, har ta gama binciken gidan. Ta ƙwala wa ɗanta kira.

"Kamaluddeen, taho nan. Na kai an karanta mani, an ce bakin mahaifa. Watau matarka ta tahi an toshe mata, jika guda za ku bar ni da ita?"

"Inna, sikirinin ne fa kawai," in ji Bushira.

"Sikirin mi?"

Kamaluddeen ya durƙusa. "Inna, ni na kai ta bisa babur. Gwajin sankarar bakin mahaifa ne, kuma lafiyarta lau."

"Ashe har da kai. To ka sake ta yau."

Bushira ta fashe da kuka. Shekararsu shida da aure, ko yaji ba ta taɓa yi ba.

"Ba ni iya rabuwa da ita, Inna, ba ni kuma son ɓacin ranki," ya ce. "Mu tahi ki ji da kunnenki."

Kwana uku Inna tana ƙin tuwon Bushira a gaban mutane, tana cinyewa in an ba da baya. Bushira ta gane, ta riƙa ƙara mata nama.

Rana ta huɗu Inna ta ɗaura ɗamara ta nufi asibiti faɗa. Ta tarar da mata cike, suka hana ta tsallake layi. Kafin a zo kanta, rabin fushin ya huce. Malama Salima, ma'aikaciyar jinya, ta saurare ta, sannan ta ce, "Inna, ciwon nan ba ya nuna alama da fari. Dubawa muke yi, don in an gan shi da wuri ana maganinsa."

"To duba ni in gani. Ni na gama haihuwa, ba abin da za ku toshe."

Aka duba ta, aka ga alamun farko, tun ba su zama sankara ba. Inna ta dawo gida ta faɗa masu. Bushira ce ta raka ta aka yi mata magani, ita ta yi jinyarta har ta warware.

Wata rana Inna ta riƙo hannunta. "Ɗiyata, ki yafe mani. Haƙurinki da na mijinki ya ceci raina. Mace ta je a duba ta tun tana jin lafiya, kuma kada mutum ya yanke hukunci kan abin da bai sani ba."

Da ta koma Gumbin Kure, sati bai cika ba ta dawo da mota cike da mata, tana gaba kusa da direba, tana gargaɗinsu kada wadda ta ba ta kunya wajen malama.