Satar Kyamara a Gwale

An fasa ofishin rajistar katin ɗan ƙasa da ke Gwale, a shekarar da bama-bamai suka hana Kano sakat. Kafin Sufeto Gwadabe ya iso, sojoji sun tafi da Isyaku mai shayi bariki, don kowa ya san shi ke yawo da maganar cewa katin dabara ce ta ƙirga Musulmi. Gwadabe ya san barikin nan. Wanda ya shiga da sunan ɗan ta'adda, da wuya ya fito da ƙafarsa.

Ya duba ofis. An ɗauke kyamarar da ake ɗaukar hoton kati da ita, amma ga kwamfuta a kan tebur, ga janareta. A jikin taga akwai shatin hannu na shuni.

"Wane ɓarawo ne zai bar kwamfuta?" ya tambayi Lawal, ma'aikacin wurin. "Ka yi rigima da wani?"

"Ko kusa, Yallaɓai."

"To, in Isyaku ya mutu, jininsa na wuyanka."

Lawal ya share gumi. Ya ce wata Zinariya ta zo rajista ba da sanin mijinta ba, ya sa ta ja hijabi baya don kunnuwa su fito a hoto, haka ƙa'ida take. Washegari mijin, Jibrin marini, ya zo ya ci kwalarsa.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Unguwa ta ji na buɗe kan matar aure? Ai sai a ƙone ni."

Gwadabe ya tarar da Jibrin a karofi, hannuwa shuɗi har gwiwa.

"Malam Jibrin, ka san ofishin kati?"

"Ko hanyarsa ban sani ba."

Duk ramukan rini a buɗe suke ana aiki, ban da ɗaya, kuma a kansa Jibrin ke tsaye. Gwadabe ya ce ya matsa. Ya buɗe ramin, ya zura sanda, ya ji ƙarfe. Aka tsamo kyamara tana ɗigar shuni.

Jibrin ya durƙushe.

"Ni ne. Fuskar iyalina na ciki, Yallaɓai. Kowane ƙato ya buɗe ya kalla? Na rina ta ne don kada wani ya ƙara gani."

"Kai, bawan Allah! Hoton ba a cikin wannan yake zama ba. Tun ranar ya tafi Abuja."

Aka sa wa Jibrin ankwa.

Da kyamarar a hannu Gwadabe ya je bariki. Aka sako Isyaku, amma kunnensa na hagu bai ƙara ji ba.

Jibrin ya sha ɗauri. A ƙofar gidan yari kuwa ba a barin kowa ya shiga sai da shaida. Duk ranar da Zinariya ta kawo masa tuwo, sai ta miƙa katin, gandiroba ya kalli hoton, ya kalle ta, sannan ya buɗe.