Baƙuwar Waya a Rautar Gidan Yaya

Ana gab da kiran magariba wani magidanci mai suna Yaya ya dawo daga ofis a garin Gella, ya zauna gindin tsamiyar tsakar gidansa da waya a hannu. A reshen tsamiyar nan ya kafe rauta, na'urar da ke raba intanet a gidan, domin can sama ne kaɗai take samun sabis. A satin ya saka mata manhajar sa ido, ya saita ta yadda duk baƙuwar wayar da ta hau, tasa za ta yi ƙara. Bai gaya wa kowa ba. 'Yarsa Na'imatu yake zargi, don ya ga tana yawan murmushi ita kaɗai.

Ladan na ɗaga murya, wayar ta yi ƙara. Wata baƙuwa ta hau rautar, ba suna, ba lamba.

Ya kira Na'imatu daga bakin murhu. "Wane saurayi kika ba lambar sirri?"

"Baba, ban ba kowa ba."

Bai saurare ta ba. Ya yi ta faɗa har maƙwabciyarsu Salome ta leƙo ta kan katanga, ya kira yarinyar da sunan da uba ba ya kiran 'yarsa da shi. Ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya shiga saitin manhajar ya toshe baƙuwar wayar.

Nan take dutse ya faɗo kan rufin kwano. Na biyu ya fasa randa. Aka duba lungu, ba kowa. Haka abin ya ɗore: rana na faɗuwa waya ta yi ƙara, Yaya ya sauya lambar sirri, duwatsu su zubo. Na'imatu ta daina cin abinci. Wani yammaci ta yanke jiki ta faɗi gindin tsamiya, da ta buɗe baki sai muryar tsohuwa ta fito.

Mahaifiyarta Aisatu ta aika garin Mugulbu aka ɗauko Modibbo Hammajoda, wani malami tsoho mai sanyin magana. Ya zauna kan buzu yana karatu a hankali har yarinyar ta fara gurnani.

"Wace ce ke?" in ji Modibbo.

"Mai tsamiyar nan. Na riga kakan mai gidan zama a nan. Ya buga mini ƙusa a ɗaki, ya rataya wani abu mai ƙifta ido. Na taɓa in ga mene ne, shi ke nan."

"To yarinya me ta yi miki?"

"Ba komai. Ranar da ya zage ta, wurina ta zo ta yi kuka, na shiga. Murmushin da yake zargi kuwa, makarantar jinya ta samu, tana jira ya huta ta gaya masa."

Yaya ya kasa ɗaga ido. Aisatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

"A bar mini ita," in ji muryar.

"Ba taki ba ce."

"To a yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka sai don Allah." Modibbo ya ƙara ƙarfin karatu, yarinyar ta ƙwalla ƙara.

"Tsaya! A zare ƙusar. Kuma ya je ya gaya wa matar da ta ji zagin cewa ƙazafi ya yi."

Da hannunsa Yaya ya hau ya sauke rautar. Ƙusa na fita, Na'imatu ta yi atishawa, ta nemi ruwa da muryarta.

Da safe ya tsaya ƙofar Salome, ya faɗi abin da ya kawo shi yana kallon takalmansa.

"Ai ni na sani tun ranar, Baban Na'imatu," in ji ta. "Ita yarinyar fa, ka faɗa mata?"

Ya koma gida. Na'imatu na zaune tana shan kunu. Da ta gan shi ta durƙusa ta gaishe shi, ta jawo masa tabarma kamar kullum. Ya daɗe tsaye a kanta, ya kasa zama.