Ordinata a Cikin Buhun Gero

A Gidan Amumune akwai wata yarinya 'yar kolej, mai ƙaiƙayin hannu. Abin da duk ke da maɓalli sai ta latsa shi.

Yayarta Kubra tana karatun jinya a Tasawa. Wata shida ta yi tana rubuta aikinta na kammala karatu a wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta. Ranar Alhamis za ta miƙa shi. In ba ta miƙa ba, sai ta maimaita shekara.

Ranar Talata Kubra ta raka Inna kasuwa. Yarinya kuwa dama tana da kile a aljihu, 'yar ma'ajiyar bayanai da ake cusa wa ordinata, wadda ƙawarta Lubna ta ara mata. Lubna ta ce sabon sistem ne a ciki, mai wasanni, kuma yana sa ordinata gudu.

Yarinya ta cusa kile a ordinatar Kubra. Wani gargaɗi ya fito cewa wannan na'ura ta tsufa, ba ta dace da sistem ɗin ba. Ko a jikinta! Ta yi ta danna "ci gaba" har aka gama.

Ordinata ta mutu, ta sake tashi. Sai allo ya yi baƙi ƙirin, da ɗan farin rubutu a sama. Rubutun ma ba Faransanci ba ne, balle ta gane.

"Wayyo ni! Mi na yi?"

Ta kashe ta kunna, ta kashe ta kunna. Ta hura mata iska. Ta ce ko zafi ne, ta ɗora ta a gindin randa. Shiru. Can ta tuna an taɓa binne wayar Baba cikin hatsi da ta faɗa ruwa. Kai, ruɗewa ba ta yi ba! Ta tura ordinata cikin buhun gero ta ɗaure.

Da Kubra ta dawo, ta duba ɗaki sama da ƙasa.

"Ke, ina ordinatata?"

Yarinya ta so ta ce ba ta gani ba, amma ta ga idon yayarta ya cika da hawaye. Ta nuna buhu.

"Yaya, ni na lalata ta."

Kubra ta zauna daɓas. Inna ta ce, "Kuka ba zai gyara ba. Ku tashi ku kai wa Mushe Sha'aibu."

Mushe Sha'aibu malami ne, shi ke koyar da ilimin ordinata a kolej. Da suka kai masa, ya buɗe ta, gero ya zubo masa a cinya.

"Ikon Allah! Fura za ku dama da ita?"

Yarinya ta faɗa masa komai.

"Da ta tambaye ki ko a goge abin da ke ciki, mi kika danna?"

"Mushe, ban gane ba, sai na zaɓi a sa sabon a gefe."

"To, kin auna arziki. Kin san moto, wato babur? Inji lafiya lau, amma in babu kik ba ta tashi. Ordinata ma tana da ɗan shirin da ke tada ta. Sabon sistem ya cire nata, ya sa wanda ba ta sani ba."

Ya tada ta da wata kile tasa. Kafin ya gyara komai, ya nemo aikin Kubra. Ga shi nan, ko shafi ɗaya bai ɓata ba! Kubra ta fashe da kukan murna. Mushe ya kwafe aikin, ya cire sabon sistem, ya mayar da tsohon shirin tadawa.

A hanya yarinya ta ce, "Yaya, ki yafe mini."

Kubra ta saka mata kile mai kwafin aikin a hannu. "Riƙe mini har Alhamis. Na yarda da ke, tunda kin faɗi gaskiya."

Yarinya ta damƙe ta gam har gida. Daga ranar, ba ta taɓa kayan wani sai da izini, kuma in gargaɗi ya fito, sai ta karanta ta tambaya kafin ta danna.