Muryar Baba Idrisa

A duk ƙasar Adar, Attaher ne ya fara gina manhajar da ba ta buƙatar ɗan Adam. Ba allo, ba madanni. Na'urori masu basira kaɗai ke shiga, su amsa wayar dillalan albasa, su tsara tafiyar motocin kamfani. Don koya musu aikin, wata uku ya yi yana naɗar muryar Baba Idrisa, sakataren kamfanin, yana ce masa don tarihi ne. Da aka gama, aka sallami tsohon.

Ran nan bayan isha'i Attaher na shirin rufe biro, wato ofishinsa, a garin Tawa, sai fanka ta tsaya, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin, alhali ba damina ba. A kujerar sakatare ga mutum zaune, ya ba shi baya.

"Sannu da aiki, Injiniya," in ji baƙon. "Mun daɗe muna biɗar gidan da anka gina ba don mutane ba. Har murya ka aje muna."

Muryar Baba Idrisa ce, har da ɗan tarin nan nasa. Sai dai babu numfashi tsakanin kalmomin.

Attaher ya fice ba takalmi, ya tsai da kabu-kabu. Mai babur ya ɗago: Baba Idrisa ne, a sabuwar sana'arsa. Attaher ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba... ina wuni?"

Tsohon ya buɗe baki zai amsa, ba abin da ya fito. Ya sake gwadawa, muryar ba ta nan. Sannan ya sa hannun riga ya goge masa wurin zama.