Lambar Ƙasan Rauta

"Kar ka sake ce min Khairina! Kar ka sake!"

Zaharaddeen ya yi tsaye a ƙofar ɗakinsa da ke bayan jami'a, baki buɗe.

"Khairiyya, me na yi?"

"Au, tambaya ma kake?"

Ta miƙa masa wayarta, ta nuna masa hoto biyu. Saura kaɗan a ɗaura aurensu wani ya tura wa Babanta saƙo ba suna, wai 'yarsa tana bin maza otal a Kano. Sabo, ɗan yayar Baba, wanda ya daɗe yana sonta tana ƙi, shi ya ce zai gano mai saƙon. Ya dawo da hoto biyun nan. Ɗaya wai lambar da saƙon ya fito, 192.168.0.1. Ɗaya kuma ƙasan rauta, na'urar raba intanet ta ɗakin Zaharaddeen, ya ɗauka ranar da ya kawo masa ziyara.

Lamba iri ɗaya sak.

"Innalillahi... Masoyiyata, wannan lambar ta kowa ce! Da ita kamfani ke fito da rauta. A cikin gida kawai take aiki, ba ta bin saƙo waje. Kamar ki ce zaure ne, kowane gida da nasa."

"Ka iya tsara magana, wallahi."

"Na rantse da Allah ba ni ba ne!"

"Ka ji tsoron Wanda ka rantse da Shi."

Ta juya ta tafi tana kuka. Washegari Baba ya sa aka mayar da kayan sa rana. Sabo kuwa, munafukin Allah, kullum yana gidan da ledar tsire, wai ya zo yi wa ƙanwarsa jaje.

Khairiyya ta rame, abinci sai Uwa ta yi da gaske take ci. Haushinsa take ji, kuma sonsa bai ragu ba ko kaɗan.

Ranar nan suka je suna Lajawa gidan Anti Yelwa. Tana gyara falo ta ɗaga rautar da ke kan talabijin za ta goge ƙura, idonta ya sauka a ƙasanta.

192.168.0.1.

Ta juya wajen Anti Yelwa da rautar a hannu.

"Anti... Zaharaddeen ya taɓa zuwa gidan nan?"

"Wane Zaharaddeen? Mijina ne ya sayo ta a Sabon Gari."

Ko abincin suna ba ta tsaya ci ba. Tana isa gida Wudil ta fizge rautar gidansu daga bango, ta kife ta a gaban Baba. Ita ma lambar ke nan!

"Baba, to mu ma mu muka tura?"

Aka kira Sabo. Ya fara inda-inda, ƙarshe ya durƙusa ya ce shi ya tura saƙon, sharrin shaiɗan ne. Baba ya nuna masa ƙofa.

Ta shige ɗaki ta kira Zaharaddeen.

"Zahar ɗina... na gani da idona. Ka yafe min, don Allah!"



"Na yafe miki, Khairiyya."

"Baba ya ce a dawo da kayan..."

"A bar su. Na rantse miki da Allah kin ce ƙarya nake, sai da kika karanta a jikin roba kika yarda. Ba zan iya zaman aure a haka ba."

"Zahar! Wallahi ina sonka!"

"Ni ma haka. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya kashe wayar.